Tambaya da Amsa: Doguwar Tafiya a Mota, Kwana a Tanti da Sauka Gidan Abokai

Hunturu ya kama, hutun makarantu ya ƙarato, jakar wasiƙunmu ta wannan wata kuma ta cika da tambayoyin masu son zuba iyali ko abokai a mota su zaga ƙasa. Yawancinsu daga Zariya suka fito. Mun tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, wasu mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da hutun mako biyu a Disamba. Ina son in ɗauki maiɗakina da yara huɗu a Sienna mu bi ta Jos, mu shiga Yankari, mu wuce Gombe har Yola. Ina da abokai a Jos da Gombe da Yola, sauran dararen mu kwana a tanti. Yaya zan raba kwanakin, kuma mai nawa zan tanada? — Malamin makaranta, Samaru

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara lissafinka daga masauki. Jera dararen nan 13 a takarda, kowane dare ka rubuta garin da za ku kwana da wanda ya san da zuwanku. Daren da ka rasa abin rubutawa a gabansa bai shiryu ba tukuna, ko da tanti na cikin but. Sannan ka duba ko tazarar da ke tsakanin masauki da masauki za ta shiga cikin yini guda: tashi bayan sallar asuba, sauka kafin la'asar ta yi sanyi. Tuƙin dare ka cire shi daga tsarin gaba ɗaya.

Abin da ke rusa wa mutane shiri shi ne lissafi da gudun da allura ke nunawa. In ka haɗa ramuka da shingayen jami'an tsaro da kasuwannin bakin titi da tirelolin da ba halin wucewa, ga tsayawar sallah, ga uzurin yara, abin da za ka ci a zahiri bai wuce kilomita 50 zuwa 60 a awa ba. Ke nan kilomita 300 tafiyar yini ce ga mai iyali.

A kimance, Zariya zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka wajen kilomita 240 ne, Jos zuwa Bauchi 130. Daga Bauchi ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karya dama har ƙofar gandun dajin Yankari a Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji, baƙi da yawa ba sa saka su a lissafi, sai magariba ta riske su a ƙofa. Gombe zuwa Yola ta Kaltungo da Numan wajen 250 ne, ka ba ta yini guda cur domin hanyar manyan motoci ce. Sai ka raba: Jos kwana biyu, Yankari uku, Gombe biyu, Yola uku, dawowa biyu. Saura dare guda, kada ka yi wa kowa alkawarinsa. Shi zai cece ka ranar da mota ta kwana a gareji ko yaro ya tashi da zazzaɓi.

Batun mai, auna motarka da kanka. Cika tanki har famfo ya tsaya, mayar da mitar tafiya sifiri, je Kano ka dawo, ka sake cikawa. Litar da ta shiga ka raba da kilomitar da ka ci, ka ninka da 100. Sienna cike da mutane da kaya, ga AC a kunne, takan sha lita 12 zuwa 13 a kowace kilomita 100. Zagayen naka kusan kilomita 1,700 ne, da yawon cikin gari ka ɗauka 2,000, wato lita 240 zuwa 260. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 farashi bai zauna wuri guda ba, don haka ka ninka da farashin ranar, ka ɗora wani abu a kai. Allura ta kai rabi ka sha mai, kuma ka cika tanki a Bauchi kafin ka nufi Yankari.

Jajibirin kowane tashi, leƙa tasha ka tambayi direbobin haya da suka bi hanyar a ranar. Google Maps gajeriyar hanya ya sani, bai san inda aka tare jiya ba.

Tambaya: Mu samari huɗu ne, mun sayi tanti biyu. Muna son mu yi irin wadda muke gani a YouTube, duk inda dare ya yi mana mu kauce daga titi mu kafa tanti a daji. Me kuka gani? — Ɗalibi, Kongo

Amsa: Kada ku yi, ƙanena. Yawancin waɗanda kuke kallo a filayen da aka keɓe don haka suke kwana, ko a ƙasashen da mai tanti ba abin tsoro ba ne. A nan, hasken tocila a daji da tsakar dare yana jawo mutane iri biyu. Akwai ɓarayi da 'yan bindiga. Akwai kuma 'yan banga da mafarauta da masu gona, waɗanda za su ga samari huɗu da ba a san su ba, da mota a ɓoye bayan itatuwa, su yanke hukunci kafin ku buɗe baki. Na biyun nan bai fi na farko sauƙi ba.

A ƙasarmu cikin mutane ake kafa tanti. Wuraren da suka dace su ne tsakar gidan aboki mai katanga, harabar gidan saukar baƙi in kun daidaita da masu shi, filin makaranta da izinin shugabanta, ko cikin gandun daji na gwamnati irin Yankari da Gashaka Gumti, a inda ma'aikatan gandun suka nuna muku, ba inda ya yi muku kyau ba.

In ƙauye ne, ku shiga da sauran rana, kafin la'asar. Ku tambayi ƙofar mai unguwa ko dagaci, ku yi fakin nesa kaɗan, ku taka da ƙafa, ku tuɓe takalma, ku gaisa gaisuwa mai kyau. Mutum ɗaya ya yi magana: ga sunayenmu, ga inda muka fito, ga inda za mu, dare guda muke nema. Ku nuna katin shaida tun ba a tambaya ba. Goro ko ɗan abin hannu ba laifi ba ne. Sau da yawa zai ce ku kwana a zaure ko ya haɗa ku da wanda zai sauke ku; ku karɓa, ku bar tanti a mota. Ku roƙe shi ya sanar da 'yan sintirin garin. Mota ku juya hancinta waje tun da rana, makulli yana hannun mutum guda da kowa ya sani. Ba ɗaukar hoton mutane, balle mata, sai da izini.

Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da ta Funtuwa zuwa Gusau sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kuma al'amarin yana sauyawa daga wata zuwa wata. Labarin bara ba ya aiki. Ku bar wa wani a gida takardar tsarinku, ku riƙa kiransa duk tashi duk sauka, ku riƙe layin waya biyu na kamfani daban-daban.

Tambaya: Motata Corolla ce, ba ta taɓa ba ni matsala a cikin gari ba. Me zan ce wa bakanike ya duba kafin tafiyar kwana goma? — Alhaji, Tudun Wada

Amsa: Ranka ya daɗe, motar da iyakacinta Tudun Wada zuwa PZ ba a san halinta ba sai ta yi awa biyar tana gudu da kaya. Kai ta gareji kwana goma kafin tafiya, ba jajibiri ba. Ƙusar da ba a ɗaure ba da tiyon da ba a matse ba a kwanakin farko bayan gyara suke nuna kansu, gara su nuna a hanyar Kaduna da su nuna a bayan Alkaleri.

Taya ce farko, domin ita ce ke kisa. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, bayan haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na 2021. Hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki. Tayar hannu da ake kira Beljiyam takan zo da zane mai kyau amma robar ta bushe, ka duba gefenta da kyau, in ka ga ƙananan tsaga ko kumburi, ba ta tafiya. Iska kuwa, yawan da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Masu faci da yawa sukan ɗura 45 ko 50 in ba ka hana ba, alhali irin motarka 30 zuwa 33 take so. Iskar da ta yi yawa tana rage kamun kwalta, wadda ta yi kaɗan tana dafa taya har ta fashe. Safaya ma a auna ta. A gwada jak da sifanar taya a gida, domin akwai noti da injin mai faci ya ɗaure wanda ƙaramar sifana ba ta kwance shi.

Na biyu, sanyaya inji. A duba lagireto da tiyoyinsa da marfinsa. Marfin da robarsa ta mutu yana barin ruwa ya tafasa da wuri, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A zuba ruwan kulan, ba ruwan rijiya ba, wanda ke barin tsatsa da gishiri a ciki. A tabbata fanka tana tashi da kanta in inji ya yi zafi. Fambel in ya fara tsagewa a canza, tsohon a jefa a but.

Na uku, birki da ƙafa. A cire taya a ga kaurin fad ɗin birki da ido, kada a yi ƙiyasi. Man birki yana shan danshi, in ya haura shekara biyu a zubar a sa sabo. A ɗaga mota a girgiza kowace taya, motsi ko ƙara alamar ƙafa ce da ke neman aiki. Baƙin mai da matacinsa a canza in lokacinsu zai cika a hanya. Matacin iska a sa sabo, domin ƙurar hunturu za ta toshe tsoho. Batir da ya haura shekara biyu a gwada shi, sanyin asubar Jos yana tona asirin mai rauni. Waifa da ruwan wanke gilas ma a duba, hazo da ƙura suna rufe gani.

A but ka riƙe: baƙin mai lita ɗaya, man birki, galan na ruwa, fiyus, wayar haɗa batir, igiyar ja, filaya, sukuddireba, tocila, famfon taya mai aiki da batir, tukunyar kashe gobara da wa'adinta bai ƙare ba, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. Jarkar fetur a cikin mota tare da mutane, a'a.

Takardu: lasisin tuƙi, rajistar mota, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota, inshora, takardar kwastan, da izinin baƙin gilas in kana da shi. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta ƙasa baki ɗaya 112. A shinge ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilas, ka ajiye waya.

Tambaya: Maigida ya sayo tanti an rubuta na mutum shida ne. Mu shida ne da yara. Ya isa? Kuma ina tsoron sanyi. — Uwargida, Hanwa

Amsa: Hajiya, wannan shidan na mutanen da suka kwanta kafaɗa da kafaɗa ne ba jaka ko ɗaya. Ki ɗauke shi na mutum huɗu, a nemo ƙarami na biyu don maigida da manyan yara maza. Ku kafa su a tsakar gida sau ɗaya kafin tafiya, ku ƙirga sanduna da turaku. Ba a koyon kafa tanti da tocila a baki.

Wuri ya zama shimfiɗaɗɗe, ɗan tudu-tudu, ba kwari ba. A kauce wa gindin itace mai busassun rassa ko zuma, da suri, da hanyar tururuwa, da tarin duwatsu ko kara ko itacen girki. A share ƙasa tas, a shimfiɗa tamfol, a naɗe bakinsa ya shige ƙarƙashin tanti. In ya leƙo waje, raɓa ko ruwan sama za su taru a kansa su gangaro ƙarƙashinku. Turakun da ke zuwa da tanti siraran ƙarfe ne, ƙasar rani mai tauri tana lanƙwasa su tun bugun farko. A sayi ƙusa mai inci shida, ko a sa mai walda ya yanka rodi tsawon taƙi ɗaya da rabi, a tafi da guduma. Ana kafa turke a karkace, kansa yana kallon waje, igiya ta ja shi ta gefe. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, sai a juya ƙofa yamma ko kudu.

Sanyi ta ƙasa yake shiga fiye da ta sama. Bargo uku a kan mutum ba su hana shi rawar ɗari in tabarma kaɗai ce tsakaninsa da ƙasa. A sa tabarma, a ɗora siririyar katifa ko kwali, sannan bargo guda a ƙasa, guda a sama. Yara su kwana da hula da safa. A Jos da dare a Disamba da Janairu sanyi kan sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka. Duk da haka a bar tagar sama a buɗe, in ba haka ba numfashinku zai zama ruwa a jikin tanti ya ɗiga muku da asuba.

Abu guda da ba sassauci a kansa: ba kaskon garwashi, ba risho, ba gas a cikin tanti, kuma ba kwana a mota da inji a kunne. Garwashi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Janareta ma a kai shi nesa, ta inda iska ba za ta koro hayaƙinsa ba. In ana son ɗumi, a zuba ruwan zafi a gora mai marfi, a naɗe da zane a sa wajen ƙafa.

Tambaya: Wane guzuri ne ba ya lalacewa, kuma ruwa nawa za mu ɗauka? — Maman yara, Gyallesu

Amsa: Kakanninmu fatake sun gama wannan binciken: abin da ya bushe shi ke tafiya. Kilishi, dambun nama da aka soya ya bushe sosai, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, soyayyiyar gyaɗa, dabino, cincin, dubulan. Na girki kuwa shinkafa, taliya, garin ɗanwake, manja ko man gyaɗa a gora mai murfin murɗawa, yaji, albasa, busasshen tumatir, kayan shayi. Miyar da aka soya da mai sosai takan kai gobe in ana ɗumama ta safe da yamma. Dafaffiyar shinkafa da wake da aka zuba a kula da asuba a cinye su da azahar, kada a ajiye na dare. Ɗanyen nama da kayan lambu a saya a garin da za a dafa su.

Ki daskarar da ledojin fiya wata su zama ƙanƙarar kula. In sun narke kun sami ruwan sha mai sanyi. Tukunyar gas mai kilo 3 takan ba da wajen awa 15 na girki. A tsaye ake ɗaukar ta, a ɗaure, kuma ba a barin ta a rufaffiyar mota cikin rana. Kafin a kunna a shafa ruwan sabulu a mahaɗinta, in ya yi kumfa tana yoyo.

Ruwan sha lita uku ga kowane mutum a rana, na girki da alwala da wanke-wanke ƙarin lita biyar zuwa bakwai. Mutum shida ke nan jarka biyu masu lita 25 a yini. Ruwan da ba ku yarda da shi ba a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka. In gudawa ta kama yaro kuma ba ledar ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a bar yara su yi wanka a kududdufi ko tafki, nan ake ɗaukar tsargiya.

A Wikki kuma akwai masu jiran guzurinki. Gwaggon biran sansanin sun saba da mutane, suna fizge leda daga hannu, suna shiga ɗaki ko mota in an bar ƙofa. Abinci ya kwana a kulle a but, ko biskit kada a kai cikin tanti.

Tambaya: Abokaina na makaranta ne, mun daɗe ba mu haɗu ba. Ina jin nauyin in sauke musu mutum bakwai a wannan tsadar. Ko in kafa tanti a tsakar gidansu? — Ma'aikaci, Sabon Gari

Amsa: Jin nauyin naka a kan hanya yake, ɗan'uwa, amma tanti a gidan Bahaushe sai da dabara. In ka fito da shi ba shawara, maigida zai ji kamar ka raina masaukinsa, maƙwabta kuma su ce ya bar baƙonsa a waje. Tun a waya ka shigo da maganar ta hanyar yara: suna ɗokin kwana a tanti, ko akwai wuri a tsakar gida? Sai mata da ƙanana su shiga ciki, kai da samari ku kwana a tanti ko ɗakin baƙi. Ya sami sauƙi, ba wanda ya ji kunya.

Sanar da shi mako guda kafin zuwa, da adadinku, da dare nawa, ka sake kira ranar da ka taso. Baƙunci kwana uku ne, a wannan zamani biyu sun fi daɗi. Ku isa da rana, kada uwargida ta ɗora tukunya bayan isha'i.

Kada ka miƙa wa abokinka kuɗin abinci, ba zai karɓa ba, kuma zai ji ciwo. Tsaraba ita ke yin wannan aikin. Daga nan ka ɗauki mazarƙwailar ƙasar Maƙarfi da kilishi. In zagayenka irin na Malamin Samaru ne, daga Jos ka yi wa abokan Gombe da Yola lodin dankalin Turawa da kabeji da karas, can suna da daraja. A dawowa, busasshen kifin Numan ga na Jos. Ɗan buhun shinkafa da galan na mai in suka shiga gida ta hannun maiɗakinka a matsayin tsaraba, ba mai mayar da su. Ranar tafiya ita ce za ta damƙa wa uwargida abin da ya sawwaƙa ta ce a saya wa yara alawa. In fita yawo za ku yi, a motarka da manka.

Gari mai abokai uku kuwa, ka sauka gidan ɗaya, sauran ka je ka gaishe su a gidajensu ko da na rabin awa ne. Wanda ya ji labarin zuwanka a bakin wani ba zai manta ba.

Tambaya: An ce yankin Gombe akwai macizai. In ya sari mutum me za a yi? — Mai karatu, Wusasa

Amsa: Gaskiya ne. Kububuwa tana da yawa a ƙasar Kaltungo da kewaye, har akwai asibitin da ya ƙware kan saran maciji a garin. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, da dare take fitowa. Dafinta yana hana jini daskarewa, don haka mutum na iya ganin kamar ba komai, daga baya jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari.

In ta faru, a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi. A ɗaura wa gaɓar sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi a kai mota, kada ya taka. A wuce asibiti mai allurar kashe dafi kai tsaye, ko da ya ce ya ji sauƙi. Ba ɗaure gaɓa tamau da igiya, ba tsagawa, ba tsotsa, ba tsayawa wajen mai magani. Aspirin da ibuprofen suna ƙara zubar jini, farasitamol kaɗai za a ba shi. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin.

Rigakafinsa rufaffen takalmi da tocila duk fitar dare, zif ɗin tanti a rufe koyaushe, da kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama.

Tambaya: Yaya hukuncin ƙasaru a irin wannan tafiya da ake ta sauka gari-gari? — Dattijo, Ƙofar Doka

Amsa: Baba, a mazhabar Malikiyya tafiyar ƙasaru mil 48 ce, wajen kilomita 80, kuma ana farawa bayan an fita daga gine-ginen gari. Azahar da la'asar da isha'i ake mayarwa raka'a biyu. Garin da ka yi niyyar zama kwana huɗu cikakku, cika sallah za ka yi tun shigarka. Inda za ka yi kwana biyu ko uku kana nan matafiyi. In ka bi limami mazaunin gari ka cika tare da shi. Maganar haɗa salloli biyu tana da sharuɗɗa, ka zauna da malaminka kafin tafiya.

Tambaya: Daga Yola ina son in ƙarasa Mambila. An ce hawan yana kashe mota. Motata otomatik ce. — Direba, Dogarawa

Amsa: Ka ƙara aƙalla kwana huɗu a tsarinka. Hanyar ta Jalingo ce, Bali, Serti, sannan hawan ya fara daga Mayo Selbe har ka fita kan tsaunin wajen Nguroje da Gembu, sama da mita 1,500 daga teku. Kwana a Serti, inda hedikwatar gandun Gashaka Gumti take, ka sha mai, ka hau da safe inji da sanyinsa.

A hawa, kashe AC, sa giya a 2 ko L inda ya yi tsauri don kada ta yi ta canza kanta tana dafa man giya, idonka a kan allurar zafi. In ta haura rabi tana nufar ja, nemi wuri mai faɗi ka tsaya, ka sa dutse a bayan taya, ka ɗaga bonet. In fanka na juyawa kuma ba yoyo, bar inji yana aiki a tsaye har allura ta sauko. In tururi na fita, kashe shi. Marfin lagireto kada ka taɓa sai bayan rabin awa, da tsumma, a hankali. Ruwan sanyi a kan inji mai zafi yana iya tsaga shi.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, fad zai yi zafi, man birki ya tafasa, feda ta nutse ba kamu. Giyar da ka hau da ita da ita za ka sauka, inji ya riƙe mota. Birki kuwa ka taka da ƙarfi na ɗan lokaci, gudu ya ragu, ka saki ya huce. Ba sakin mota a firi, ba kashe inji don tsimin mai, domin da inji birki da sitiyari ke samun ƙarfi. Ka ji ƙauri ko feda ta yi laushi, tsaya minti 20 zuwa 30. Wannan dokar ita ce ta Hawan Kibo in ka sauka daga Jos ta Akwanga. Yi hon kafin kowace kwana da ba ka ganin bayanta, kuma in hazo ya rufe tsaunin, kunna ƙananan fitilu ka jira ya yaye kafin ka ci gaba.